Tom Landry: Ya Shekara 29 Yana Riƙe Da Ƙungiya, Aka Sallame Shi A Yini Guda

Yau za mu yi nisa da gida, domin mutumin da muka ɗauko Ba'amurke ne, wasan da ya yi suna a kansa kuma ba mu taɓa ganin yara suna yin sa ba a Tarka, ko Belbeji, ko Tanut. Mun san wani zai ce me ya haɗa mai awon hatsi ko mai tuyar ƙosai da ƙwallon Amurka. To, a yi mana haƙuri a bi mu a hankali. Duk wanda ya taɓa riƙe wa wani shago, ko ya danƙa wa wani amanar nasa, zai gane labarin nan tun kafin mu kai ƙarshensa. Sunan mutumin Tom Landry, ya kuma bar duniya tun a shekarar 2000.

Kafin mu shiga tarihin, bari mu ɗan warware yadda wasan yake, don kada a ɗauka irin ƙwallon ƙafar da muka sani ne. Ƙwallon nasu mai siffar ƙwai ce, da tsini gaba da baya, kuma a hannu ake riƙe ta a ruga da gudu, ko a jefa wa abokin wasa. Tsawon filin yadi 100 ne, kowane gefe mutum 11. Waɗanda ƙwallo ke hannunsu ana ba su dama sau huɗu su matsa gaba da ita yadi goma. Iyayenmu masu sayar da atamfa sun san yadi goma bai cika turmi biyu ba, amma a kan wannan ɗan taƙin ne ƙarti ke gwara kai, domin ɗaya gefen an yarda musu su cafke mai ƙwallo su kayar da shi kamar a filin kokowa. Idan aka ci yadi goman sai a sake ba da dama huɗu, idan aka kasa sai ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki shida, wanda ya buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin sanduna ya ci uku. Kowace ƙungiya tana da runduna biyu, ta masu kai hari da ta masu tsaron gida, kowacce da kocinta. Tom Landry a wajen tsaron gida ya ƙware.

An haife shi ranar 11 ga Satumba, 1924, a wani ƙaramin gari mai suna Mission da ke kudancin jihar Teksas, dab da iyakar Amurka da Meziko. Mahaifinsa Ray bakanike ne mai gyaran motoci, kuma shi ne shugaban masu kashe gobara na sa-kai a garin. Teksas ƙasar shanu ce da man fetur, kuma tana da wasu shanu masu dogayen ƙahoni da za su tuna wa mutumin Damargu jajayen shanun Bororo. Da sunan shanun nan ake kiran ƙungiyar wasan Jami'ar Teksas da ke birnin Austin, inda Tom ya shiga bayan ya gama sakandare.

Bai yi nisa da karatu ba yaƙin duniya na biyu ya katse masa hanzari. Wansa Robert, wanda ya riga shi shiga sojan sama, ya rasu lokacin da jirginsu ya faɗi a tekun Atilantika a kan hanyar zuwa Ingila. Tom ya ajiye littafi ya bi sahun wan nasa. Ya zama mataimakin direban jirgin yaƙi mai jefa bama-bamai samfurin B-17, kuma tsakanin ƙarshen 1944 da watan Afrilun 1945 ya tashi daga Ingila sau 30 zuwa fagen daga, alhali shekarunsa 20 kacal. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen man jirgin ya ƙare a sama, suka yi saukar dole, Allah ya sa da sauran shan ruwansu a gaba. Masu cewa daga baya Landry ba ya firgita a bakin fili ko da ana cin ƙungiyarsa, sukan manta cewa mutumin da ya ga wannan tun yana saurayi, da wuya ƙwallo ta tayar masa da hankali.

Bayan yaƙi ya koma jami'a, ya auri Alicia a Janairun 1949, a shekarar kuma ya tafi birnin Niyok ya fara wasan neman kuɗi. A 1950 ya koma ƙungiyar Giants ta wannan birni, yana cikin masu tsaron baya. Shi da kansa ya san ba shi da gudu kamar waɗanda ake sa shi ya tsare. Dabarar da ya yi ita ce ya zauna ya yi ta kallon fim ɗin wasannin abokan hamayya, yana lura da yadda kowane ɗan wasa ke tsayawa da inda yake fara jefa ƙafa, har ya kai ga kafin mutum ya motsa ya san inda za shi, sai ya riga shi isa. Dillalin da ya daɗe a kasuwar shanu ma haka yake, daga yadda mai saye ya dafa ƙugun sa ya san ko ciniki zai faɗa. A shekaru bakwai da ya yi yana wasa, sau 32 yana cafke ƙwallon da aka jefa wa wani. A tsakanin nan kuma ya yi karatun injiniyan masana'antu a Jami'ar Houston, ya gama a 1952, wannan karatu ya bi shi har cikin aikinsa na koci.

A waccan shekara ta 1950 akwai wata ƙungiya, Browns ta birnin Cleveland, wadda ta gagari kowa wajen jefa ƙwallo. Kocin Giants, Steve Owen, ya fito da wani tsari da aka yi wa laƙabi da lema, saboda yadda masu tsaron baya ke bajewa kamar an buɗe lema. Sai dai Owen ba mai dogon bayani ba ne. Ya zana abin a allo ya bar wa Landry, ɗan shekara 26, ya fayyace wa 'yan uwansa inda kowa zai tsaya. Ranar 1 ga Oktoba suka ci Browns 6 da nema, karo na farko ke nan da aka taɓa hana ƙungiyar cin ko maki ɗaya. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki tare da shi har da Emlen Tunnell, baƙar fata na farko da ya taɓa yi wa Giants wasa.

Daga 1954 aka danƙa masa horar da masu tsaron gida baki ɗaya, yana yi yana wasa har ƙarshen 1955, sannan ya rataye takalmi. Ɓangaren masu kai hari kuwa aka ba wani mai suna Vince Lombardi. A riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi. Halinsu ya sha bamban kamar wuta da ruwa. Lombardi mai tsawa ne da faɗa, Landry kuwa sai ya yini bai ɗaga murya ba.

A nan ne ya gyara tsarin da ake kira 4-3, wanda da shi aka fi saninsa. A da akan jera mutum biyar ko shida a sahun gaba su yi ta turereniya. Shi sai ya bar huɗu a gaba, ya sa uku a bayansu, huɗu kuma can baya. Aikin na gaba su riƙe masu tare hanya, su bar wa na tsakiyar ukun nan sarari ya ga inda ƙwallo ta nufa ya je ya kayar da mai ita. Wanda ya ɗora a wannan gurbi a 1956 wani yaro ne ɗan mahaƙin kwal mai suna Sam Huff, wanda saura ƙiris ya tattara kayansa ya koma gida don an rasa inda za a sa shi. A shekarar Giants ta ci kofin ƙasa, ta lallasa Bears ta Chicago 47 da 7. Kafin wannan lokaci ba wanda ya damu da masu tsaron gida, mai cin maki ake yi wa tafi. Sai ga 'yan kallo a Niyok suna miƙewa suna yi wa masu tsaro kirari, har hoton Huff ya hau bangon mujallar Time a 1959. Tsarin bai mutu ba. Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya da ya ci kofi sau biyu da Giants a 2008 da 2012, a cikin mutum huɗun nan na gaba ya yi wasansa.

Duk da haka albashin mataimakin koci a wancan zamani bai taka kara ya karya ba. Idan kakar wasa ta ƙare Landry yakan koma birnin Dalas na jiharsu ya yi aikin sayar da inshora, har yana tunanin barin ƙwallo ya kama kasuwanci gadan-gadan. Ana cikin haka wani attajirin man fetur, Clint Murchison ƙarami, ya samu izinin kafa sabuwar ƙungiya a Dalas. Manajan da ya ɗauka, Tex Schramm, ya nemi Landry ya zama babban koci. Aka sa wa ƙungiyar suna Cowboys, wato kaboyi, makiyayan shanun nan masu dawakai da muka saba gani a silima.

Ƙungiyar ta fara ne da kwashe-kwashe. Tsofaffin ƙungiyoyi 12 kowacce ta ware 'yan wasan da ba ta damu da su ba, Dalas ta zaɓi uku-uku daga ciki. Wanda ya taɓa buɗe rumfa da ragowar kayan da manyan 'yan kasuwa suka tsince suka bari ya san abin da ke biyo baya. A 1960 sun yi wasa 12, aka ci su 11, suka yi kunnen doki ɗaya, ba su ci ko guda ba. Ga kuma wata ƙungiyar, Texans, a gari ɗaya da fili ɗaya tana raba musu 'yan kallo, sai a 1963 ta tashi ta koma birnin Kansas. Shekara huɗu na farko idan aka haɗa, sun ci wasa 13, an ci su 38, kunnen doki uku. Jaridu da mutanen gari suka fara kiran a kore shi.

A nan ne maigidan ya yi abin da har yau ake ba da labari. A watan Fabrairun 1964, saura shekara ɗaya yarjejeniyar Landry ta ƙare, Murchison ya ƙara masa shekara goma cur. Mu dai a ganinmu, duk abin da Landry ya zama daga baya, daga wannan takarda ya samo asali. Murchison ya duba ya ga asarar ba daga sakaci ko rashin iya aiki ta fito ba, jarin ne ƙarami, mutumin kuma gini yake yi daga tushe. Bayan haka ya koma gefe. Ba ya shiga zaɓen 'yan wasa, ba ya aiko da saƙon wanda za a sa da wanda za a cire. Schramm na riƙe da ofis, wani mai suna Gil Brandt na yawon neman yara masu hazaƙa, Landry na fili. Mutum ukun nan sun yi kusan shekara 29 tare. Mu tambayi kanmu, iyayen gida nawa ne a kasuwanninmu za su ga shekara huɗu ta faɗuwa a jere su ƙara wa yaron shago wa'adi maimakon su karɓe makulli?

Ba a ga amfanin haƙurin nan take ba. A 1964 ma an fi cin su. A 1965 aka ci su sau biyar a jere, bayan na biyar ɗin, a birnin Pittsburgh, Landry ya tsaya gaban 'yan wasansa a ɗakin canza kaya yana ɗora wa kansa laifi, sai hawaye. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ta sauya ba suka yi tsit. Daga nan suka ci biyar cikin wasanni bakwai da suka rage. Tun daga 1966 har 1985, shekara 20 a jere, ba a yi kakar da Dalas ba ta fi cin wasa a kan a ci ta ba.

Makamin da ya yi wannan aiki da shi wani sabon tsarin tsaro ne da ya ƙirƙiro, wanda ake kira Flex, kuma saboda Lombardi ya ƙirƙiro shi. Lombardi ya koma ƙungiyar Packers ta garin Green Bay tun 1959, yana koya wa masu gudu da ƙwallo su duba duk inda kafa ta buɗe su bi ta nan. Landry ya lura cewa kafar tana buɗewa ne saboda masu tsaro suna barin wurarensu su bi ƙwallo a guje. Sai ya janye biyu daga cikin mutum huɗun gaba ya mayar da su baya kaɗan, yadda masu tare hanya ba za su same su da sauƙi ba, sannan ya raba wa kowa kafarsa, ya ce ko ƙwallo ta nufi wani gefe kada ka bar taka sai ka tabbata ba za ta juyo ba. A kwatanta da ranar kasuwa idan sa ya ƙwace. Kowa yakan bi shi da ihu da sanda, shi kuwa ya juyo ya fice ta lungun da aka bari a buɗe. Landry cewa ya yi kowa ya tsaya a bakin lungunsa, san zai kawo kansa.

Faɗar abin da sauƙi, yin sa da wuya. Ƙato mai ji da ƙarfi, wanda tun yana yaro aka koya masa ya bi ƙwallo duk inda ta shiga, a ce masa ya tsaya ya jira, ai an haɗa shi da aiki. Sababbin 'yan wasa kan ɗauki shekara biyu ko uku kafin tsarin ya zauna musu, da yawa sun tsane shi. Hatta Bob Lilly, ɗan wasan farko da ƙungiyar ta zaɓa daga jami'a a 1961, wanda ya zama ginshiƙin tsaron nata, sai da ya sha fama kafin ya saba. Tsarin ba ya tafiya sai kowa ya yarda cewa na kusa da shi ba zai bar gurbinsa ba. Mutum ɗaya ya yi son a san shi, sai a ci goma sha ɗaya.

Kofi dai ya daɗe yana wasan ɓuya da su. Ranar 1 ga Janairu, 1967, Packers ta Lombardi ta ci su 34 da 27 a wasan ƙarshe. Ranar 31 ga Disamba na wannan shekara suka sake haɗuwa a Green Bay cikin sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifili, fili ya daskare kamar dutse, usur na manne wa alƙalan wasa a leɓe. Mu da muke kuka da hunturun Damargu sai mu gode wa Allah. Dalas na gaba har saura daƙiƙoƙi kaɗan a tashi, Packers ta ci, aka tashi 21 da 17. A Janairun 1971 suka kai babban wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl, Colts ta Baltimore ta ci su 16 da 13 a daƙiƙun ƙarshe. Abin mamaki, wanda aka zaɓa gwarzon wasan a ranar ɗan tsaron Dalas ne, Chuck Howley, duk da an ci su. Aka riƙa yi musu ba'a cewa kullum su zakarun baɗi ne.

Baɗin ta zo ranar 16 ga Janairu, 1972. Suka ci Dolphins ta Miami 24 da 3, ba su bar ta ta taka ƙarshen fili ko sau ɗaya ba. A wasan ne Lilly ya kori mai jefa ƙwallon Miami da baya-baya har yadi 29 kafin ya kayar da shi. 'Yan wasa suka ɗaga Landry a kafaɗa, aka samu hotonsa yana murmushi, abin da ba a saba gani ba. Shekarar ba baƙuwa ba ce gare mu, domin a cikinta ne ɗan damben Nijar Issaka Dabore ya ciyo wa ƙasar lambarta ta farko a wasannin Olamfik a birnin Munich. Kofi na biyu ya zo a Janairun 1978, suka ci Broncos ta Denver 27 da 10, masu tsaro suka ƙwace ƙwallo sau takwas, aka raba kyautar gwarzo tsakanin biyu daga cikinsu, Randy White da Harvey Martin. Sau biyu kuma, a 1976 da 1979, Steelers ta Pittsburgh ta doke su a wasan ƙarshe, kowane karo da tazarar maki huɗu.

A duk tsawon shekarun nan kamanninsa ɗaya ne. Kwat da wando, da malafar Turawa a ka, hannu a harɗe ko riƙe da takarda, ko an ci ko an sha kashi fuska ba ta motsi. Kirista ne mai riƙo da addininsa, ba a san shi da zagi ba. Amma ba za mu ɓoye aibinsa ba. Mutum ne mai nisa da yaransa. Ba ya yabo sai da ƙyar, idan aka zauna kallon fim ɗin wasa kuma yakan mayar da kuskuren mutum a yi ta kallo a gaban kowa. Wani ɗan wasansa, Duane Thomas, da rigimar albashi ta haɗa shi da ƙungiyar a 1971, ya kwatanta shi da mutumin roba. Ga shi ba ya sakin ragama. Roger Staubach, mai jefa ƙwallon da ya ciyo masa kofuna biyun nan, ya so a bar shi ya riƙa zaɓar dabarar da za a yi a fili, Landry bai yarda ba. Da yawa daga cikin yaran sai bayan sun bar wasa suka gane abin da ya yi musu.

Zamani kuma ya fara juyawa. A 1978 aka sauya dokokin wasan don a sauƙaƙa wa masu jefa ƙwallo, shi kuwa Flex don tare masu gudu aka gina shi. Sauran ƙungiyoyi suka koyi yadda ake neman 'yan wasa irin na Dalas, wasu ma suka fi ta. Sau uku a jere a farkon shekarun 1980 ana cire su saura taki ɗaya su kai wasan ƙarshe. A Nuwamban 1985 Bears ta zo har gida ta yi musu 44 da nema, kocinta kuma Mike Ditka ne, wanda ya yi wasa a hannun Landry kuma ya koyi aikin koci a wurinsa.

Babban abin da ya sauya shi ne maigida. Rashin lafiya da bashi suka taso Murchison a gaba, ya sayar da ƙungiyar a 1984 ga wasu attajirai ƙarƙashin Bum Bright. Shi wannan bai ɗauki Landry yadda na farko ya ɗauke shi ba, har ya taɓa sukar aikinsa a jarida a 1987. Farashin man fetur ya faɗi a 1986, bankunan Teksas suka shiga ruɗani, Bright ya yi asara mai yawa, ya sa ƙungiyar a kasuwa. A fili ma abubuwa sun lalace, a 1988 wasa uku suka ci, aka ci su 13.

Wanda ya saya wani ɗan kasuwar mai da iskar gas ne daga jihar Arkansas, Jerry Jones, a kan dalar Amurka miliyan 140. Ya zo da nasa kocin a aljihu, Jimmy Johnson, abokinsa tun suna wasa tare a jami'a. Daren da ya rage a sanar da cinikin, su biyun suka je cin abinci a wani gidan abinci a Dalas wanda kowa ya san nan Landry ke zuwa da iyalinsa, aka ɗauki hotonsu, da safe ya fito a jarida. Ranar Asabar 25 ga Fabrairu, 1989, Jones da Schramm suka hau jirgi zuwa kusa da Austin, suka iske Landry a filin wasan golf, suka keɓe da shi aka gaya masa an sallame shi. Yana da shekara 64, da sauran shekara guda a yarjejeniyarsa. Ranar Litinin ya je ya tsaya yi wa 'yan wasa bankwana, kuka ya ci ƙarfinsa, suka miƙe tsaye suna tafa masa.

A yi adalci, mai kaya shi ke da iko da kayansa, kuma wanda ya zuba dala miliyan 140 ba za a hana shi kawo mutumin da ya yarda da shi ba. Shi ma Landry da nasa, domin alamu sun daɗe da bayyana, amma ya ƙi sauka da kansa, yana ganin zai iya gyara abin da ya lalace kamar yadda ya yi a 1965. Johnson kuma ya nuna shi ba kanwar lasa ba ne. Bayan shekarar farko da ya ci wasa ɗaya tak cikin 16, ya ciyo kofi a 1993 da 1994. Inda muke ganin an yi kuskure shi ne yadda aka yi sallamar. Ko a kasuwar ƙauye, dattijon da ya shekara 29 yana buɗe rumfa da asuba, idan sabon mai rumfa zai karɓi makulli, akan samu manya a je gidansa da daddare a gaya masa cikin mutunci, ba a bari ya fara jin labari a bakin 'yan talla. Jones da kansa ya amsa daga baya cewa bai kyauta ba a yadda ya tafiyar da al'amarin. Shi da abokin nasa Johnson ma ba su daɗe ba, a Maris na 1994 suka raba gari, wata biyu bayan cin kofi. Ƙungiyar ta ƙara cin ɗaya a Janairun 1996, daga nan har zuwa 2025 ba ta sake kai wa wasan ƙarshe ba, ko da yake darajarta a kasuwa ta haura dala biliyan 10 a 2024.

Mutanen Dalas ba su bar abin ya wuce haka ba. Ranar 22 ga Afrilu, 1989, aka keɓe wa Landry rana, dubun dubatar jama'a suka cika tituna suna ɗaga masa hannu. A 1990 aka shigar da shi zauren tunawa da gwarazan wasan da ke garin Canton na jihar Ohio. Sai a 1993 ya yarda aka rubuta sunansa a filin ƙungiyar cikin manyanta, aka zana malafa kusa da sunan. Lissafin aikinsa a Dalas, ya ci wasa 270, ciki har da 20 a zagayen neman kofi. Bai sake horar da wata ƙungiya ba, ya koma harkokinsa na kasuwanci da wa'azin addininsa.

Ƙarshen rayuwarsa ya haɗu da jarrabawa. 'Yar autarsa Lisa ta rasu a 1995 bayan fama da ciwon dajin hanta. A 1999 likitoci suka gano shi ma yana da ciwon dajin jini, ya rasu ranar 12 ga Fabrairu, 2000, yana da shekara 75, aka binne shi a Dalas. A kakar wasan da ta biyo baya 'yan wasan Cowboys sun manna hoton malafa a ƙirjin rigunansu. An sa wa babbar hanyar da ta haɗa Dalas da Fort Worth sunansa, an kuma kafa mutum-mutuminsa a ƙofar filin ƙungiyar a 2001, da suka tashi zuwa sabon fili a garin Arlington a 2009 aka ɗauke shi aka tafi da shi. Matarsa Alicia, wadda suka yi shekara 51 tare, ta rasu a 2021.